Gidajen Levittown: Ƙananan Gidajen da Suka Girma Tare da Iyalansu

Yau shirin namu zai leƙa Levittown, wata unguwa da ke tsibirin Long Island, a bayan birnin New York na Amurka, domin mu ji yadda ake mayar da ɗan ƙaramin gida ya zama gidan iyali na zamani.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji suka dawo gida, ga aure ga haihuwa, amma babu muhalli. Sai kamfanin Levitt and Sons ya sayi gonakin dankali, ya gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951. Kowane gida ɗan tsurut ne: ɗakin kwana biyu, falo, kicin da banɗaki ɗaya, duka kimanin murabba'in mita 70. A 1949 dala 7,990 ake sayar da gida ɗaya. Sai dai ba kowa aka buɗe wa ƙofa ba, domin a shekarun farko yarjejeniyar kamfanin ta hana baƙar fata zama a unguwar.

To, ina dabarar faɗaɗa gidan take? Maginan sun bar sararin da ke ƙarƙashin rufi ba su kammala shi ba, da gangan. Idan 'ya'ya suka ƙaru, sai maigida ya buga silin, ya kafa bango, ya fitar da taga ta cikin rufin, shi ke nan ɗakuna biyu sun samu a sama. Wani ya ɗaga rufin gaba ɗaya ya yi bene, wani ya ƙara gareji, wata ta sa a faɗaɗa mata kicin ta baya. Yau da ƙyar za ka samu gida ɗaya a unguwar da yake yadda aka miƙa shi.

Amma masu sauraro, gyaran tsohon gida ba daga fenti yake farawa ba. Waɗannan gidaje a kan daɓen kankare aka ɗora su, kuma a cikin daɓen aka binne bututun ruwan zafi da ke ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Da shekaru suka ja, bututu ya fara yoyo a inda ido ba ya gani. Wanda ya yi gaggawar shimfiɗa sabon tayil, watarana da hannunsa zai fasa shi. Shi ya sa da yawa suka rufe tsohon bututun, suka ja sabo ta gindin bango.

Haka wayar lantarki: wadda aka ja don ƙwan fitila da firji ba za ta ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, wadda Amurka ta hana sawa a fentin gida a 1978 saboda illarta ga ƙwaƙwalwar yara. Bangon da ake son rushewa don falo ya haɗe da kicin, dole injiniya ya duba ko shi ne ke ɗauke da rufi, sannan a nemi izinin hukuma.

Saboda haka mai gini, ka bar wa iyalinka wurin girma tun daga tushe. Mai gyara kuwa, ka fara kashe kuɗinka kan ruwa, wuta da rufi, ado ya biyo baya.