Malamin Da Ya Ratsa Hamada Cikin Dare Don Neman Littattafai

Daga Wakilinmu na Arewa

A ƙasar Sin akwai wani littafin tatsuniya mai babi 100 wanda babba da yaro suka sani, sunansa "Tafiya Zuwa Yamma". An buga shi a 1592. Labari ne na wani malamin addinin Buddha da ya tafi Indiya ɗauko littattafai, tare da wani hatsabibin biri mai rikiɗa, Sun Wukon, suna ta fama da aljannu da dodanni a hanya. Birin dai ƙage ne. Amma malamin an yi shi, sunansa Shuwanzan, kuma a ganina abin da ya same shi na gaskiya ya fi tatsuniyar tayar da tsikar jiki.

A tatsuniya, Sarki ne da kansa ya sallame shi cikin girma. A gaskiya kuwa Sarki Taizon ya hana kowa ƙetare iyaka, malamin ya nemi izni aka hana shi. Abin da ke cin ransa shi ne, littattafan addininsu da aka fassara zuwa Sinanci suna saɓa wa juna, yana so ya ga na asali da idonsa. Wajen shekarar 629 ya bar birnin Cangan, watau Shiyan na yau. Da ya doshi iyaka sai ya riƙa ɓuya da rana, yana tafiya da dare kamar ɓarawo.

Almajirinsa Huili, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce ɗan jagoran da ya ɗauka ya taso masa da wuƙa wata rana da tsakad dare, sa'an nan ya fasa. Gari na wayewa suka rabu. Ya rage daga shi sai wani tsohon doki, ga hasumiyoyin tsaro biyar a gabansa. A ta farko ya laɓaɓa cikin duhu zai cika salka, sai kibiya ta wuce dab da gwiwarsa. Ya ci sa'a shugaban masu gadin mabiyin Buddha ne, ya sake shi.

Cikin hamada kuma salkar ta suɓuce masa, ruwan ya zube ƙurmus. Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya ya san irin wannan lokaci da zuciya ke cewa a koma gida. Har ya juya, sai ya tuna rantsuwar da ya yi cewa ba zai taka ko taki ɗaya zuwa gabas ba sai ya ga Indiya. Ya sake juyawa. Kwana huɗu da yini biyar ko ɗigon ruwa bai sa a baka ba, da dare yana hangen wasu wutace kamar taurari, yana ta karanta addu'o'insu. Daga bisani dokin ne ya kauce hanya, ya kai shi bakin wani tafki.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya faru ne kusa da Jalalabad ta Afganistan, a wani kogo mai duhu ƙirin inda mabiyansa ke cewa Buddha ya bar inuwarsa a jikin dutse. Malamin ya shiga da lalube, ya rusuna fiye da sau ɗari bai ga kome ba, ya fashe da kuka yana zargin kansa. Ya ci gaba, har wai siffar ta bayyana. Da aka shigo da wuta sai ta ɓace, sai da aka kashe ta dawo. Cikin mutum shida da ya kira, biyar sun ce sun gani, ɗaya bai ga kome ba. Huili bai ɓoye na shidan nan ba, shi ya sa nake ganin girman littafinsa.

Ya yi karatu a Nalanda, ya komo gida a 645 da littattafai 657, ya yi ta fassara har ya mutu a 664. Sarkin da ya hana shi fita ya yafe masa, ya sa ya rubuta bayanin ƙasashen da ya ratsa. Da wannan bayani ne Baturen nan Alexander Cunningham ya yi amfani a ƙarni na 19 wajen tabbatar da inda kufan Nalanda yake, a jihar Bihar ta Indiya.