Masauki a Orlando: 'Ya'yan Hausawan Amurka da Zaɓen Ɗaki a Gidajen Disney

Daga watan Janairu, sannan kuma daga wajejen Agusta, titin da ya bi ta yammacin filin Walt Disney World da ke kusa da Orlando a jihar Florida yakan cika da motoci maƙare da akwatuna da filalla da tukwane. Ɗaliban jami'a ne daga sassan Amurka, sun zo shirin da kamfanin ya fara tun 1981, wanda ake kira Disney College Program. Sukan jingine karatu na zango ɗaya, wasu har biyu, su kama aiki a wuraren shaƙatawa huɗu na kamfanin da otal-otal ɗinsa: sayar da abinci, shara, tsare layi a bakin lilo, gyaran gadajen baƙi. Amma tun kafin a miƙa wa kowa rigar aiki, akwai tambayar da dole ya amsa yana gida: ina zai kwana, kuma da su wa?

Ƙofar shirin a buɗe take ga 'ya'yan Hausawa iri biyu. Akwai waɗanda aka haifa ko suka tashi a Amurka: 'ya'yan mutanen zangunan Kumasi da Accra da suka yi kaka-gida a Bronx, 'ya'yan 'yan kasuwar Nijar na Harlem da Greensboro, da 'ya'yan likitoci da malaman jami'a na Arewacin Najeriya da ke haɗuwa a ƙungiya irin Zumunta. Akwai kuma waɗanda suka shigo da bizar karatu, waɗanda sai ofishin ɗaliban waje na makarantarsu ya ba su izinin aikin horo kafin su karɓi tayin. 'Yan Najeriya kaɗai sun haura 20,000 a jami'o'in Amurka a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024.

Ga Bahaushe, zancen masauki ba sabon abu ba ne. Da shi aka gina zanguna. Fatake masu goro da shanu ba sa sauka a gari sai a hannun mai masauki, wanda zai ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu idan ciniki ya rikice. Masanin nan Abner Cohen ya yi cikakken bayanin yadda wannan tsari ke aiki a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969. Har yau wanda ya sauka a New York yakan samu katifa a ɗakin ɗan garinsu kafin ya samu aiki. To, a Orlando babu wannan inuwar. Mai masaukin kamfani ne, yarjejeniyar a rubuce take, kuma abokan zaman kwamfuta ce za ta iya haɗa mutum da su.

Shekaru da dama ɗaliban sun zauna ne a rukunan gidaje huɗu: Vista Way, Chatham Square, The Commons da Patterson Court. Annobar korona ta sa aka sallami kowa a Maris na 2020. Da shirin ya dawo a Yunin 2021, sai aka koma sabon wuri mai suna Flamingo Crossings Village, a yankin Winter Garden, wanda kamfanin American Campus Communities ya gina yake kuma gudanarwa. Gadajensa sun haura 10,000. Gari ne guda, da shinge da masu gadi, da wuraren ninƙaya da na motsa jiki, da bas-bas da ke jigilar ma'aikata dare da rana.

Kowane gida mutum huɗu yake ɗauka, da falo da kicin guda. Bambancin yana ɗakin kwana da bayi. Mafi arha shi ne mai ɗaki biyu da bayi biyu, mutum biyu-biyu a ɗaki. Na tsakiya ɗaki huɗu ne da bayi biyu: kowa da ƙofarsa, amma bayi na tarayya. Mafi tsada kowa da ɗakinsa da bayinsa. Ɗalibi yakan jera abin da ya fi so, sai dai ba a yi masa alkawarin samun zaɓinsa na farko ba.

Kuɗin haya a 'yan shekarun nan ya kai ko ya haura dala 200 a mako, ya haɗa da wuta da ruwa da intanet da kayan ɗaki da bas. Ba a jiran mutum ya kawo. Daga albashinsa ake zarewa kowane mako kafin ya gani. Makon da aka cika shi da aiki, ba zai ji zafin ba. Makon da baƙi suka yi ƙaranci aka rage masa awoyi, hayar tana nan yadda take. Ga kuma 'yan ɗaruruwan daloli da ake biya tun ranar karɓar tayi. Shi ya sa ɗalibin da ke da niyyar aika wa Hajiya ɗan abin sayen goro, ko tara kuɗin makaranta, idonsa kan fara sauka a kan ɗaki mafi arha.

A nan ne ya kamata ya dakata ya yi tunani, domin ratar kuɗin da ke tsakanin ɗakunan 'yan gomomin daloli ce a mako, alhali ratar zaman kanta babba ce.

A ɗauki bayi. Bayin Amurka ba shi da magudanar ruwa a ƙasa, kuma ba a saba ganin ruwa a kan tayil ba. Wanda zai yi alwala sau biyar, ya ɗaga ƙafa ya wanke a bakin kwamin wanke hannu, dole ruwa ya fantsama. Abokin zaman da ya shigo da safa ya taka jiƙa, ba zai ce komai ba ranar farko. Rana ta goma sai ya rubuta saƙo a rukunin gidan. Ga buta a gefen masai, wadda wani zai ɗauka ta ban-ruwan fure ce. Babu mugun nufi a ciki, rashin sani ne, kuma magana ɗaya a ranar farko da tsumma ɗaya a rataye sukan kashe wutar. Amma wanda ke da bayinsa shi kaɗai bai ma shiga wannan ba.

Ɗakin kwana ya fi haka nauyi. Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren shaƙatawar, takan kai tsakar dare a buɗe a lokutan cunkoso, kuma wanda ya rufe shago sai ya kammala lissafi da shara kafin ya nemi bas. Yakan iso gida ƙarfe biyu ta wuce. Idan gadonsa yana taku uku daga na wanda ƙararrawarsa za ta kaɗa da asuba, an haɗa mutum biyu da kowannensu ke da gaskiya. Ɗaya yana son barci, ɗaya yana son salla. Mai salla zai fara lallaɓawa cikin duhu, ya shimfiɗa darduma a falo, ya yi karatu a zuci, kullum yana jin kamar ya takura wa wani. Wata biyar a haka ba ƙaramin abu ba ne. Ga ɗalibar da ke sa hijabi kuwa, ƙofar da za ta rufe ta cire ɗankwali ta miƙe ƙafa ba kayan alatu ba ce. Mai wannan rubutu yana ganin duk wanda aljihunsa zai iya, ya nemi ɗaki nasa na kansa ko da bayin na tarayya ne, ya rage kashe kuɗi a wani wajen.

Kicin kuwa babu yadda za a yi, na kowa ne. Firiji ɗaya, murhu ɗaya, soso ɗaya. Naman alade abincin safe ne a gidaje da yawa na Amurka, kuma wanda ya cika shekara 21 doka ta ba shi damar ajiye giyarsa. A tsofaffin gidajen akan ware wasu da aka hana giya kwata-kwata domin 'yan ƙasa da wannan shekarun. Ɗalibin yau ya karanta ƙa'idar da ke aiki a shekararsa, kada ya dogara da labarin yayansa. Abin da ke hannunsa shi ne ya zo da tukunyarsa da kaskonsa da wuƙarsa, ya nemi shiryayye guda a firiji, ya faɗi dalili ba tare da wa'azi ba. Shi ma fa yana da nasa laifin a idonsu. Warin daddawa a miyar kuka yakan kwana a labule, kuma manja idan ya yi zafi yana iya tayar da na'urar gano hayaƙi ta tashi gidan duka. Kilishin da Inna za ta so ta aiko daga Kano ko Maraɗi ma ba zai wuce kwastan ba, don Amurka ta hana shigo da irin wannan nama. Yaji da kuka da kuɓewa busassa su ne abokan tafiya, a kuma bayyana su a filin jirgi.

Tambayar da iyaye suka fi yi, musamman a kan 'ya mace, ita ce: “Da maza za a haɗa ki?” Amsar a'a ce, sai in ita ta nema. Ana raba gidajen maza da na mata, sannan akwai zaɓin gidan da ba a raba jinsi ba ga wanda ya buƙata da kansa. Abin lura shi ne a cika fom ɗin a natse, a karanta kowane layi kafin a danna. Baƙi kuma suna shigowa bisa ƙa'idar wurin, don haka abokiyar zama na iya kawo saurayinta falo. Wannan ma magana ce ta ranar farko. Tun kafin tafiya ɗalibai kan nemi juna a rukunan Facebook, kowa ya bayyana halinsa: mai tsabta ne ko mai watsi, mai kwana da wuri ko mai hira. Musulmai biyu, ko da ɗaya Bafalasɗiniya ce ɗaya 'yar Zariya, idan suka samu juna suka nemi a haɗa su, rabin matsalar ta kau.

Akwai wani abu da ƙaurar 2021 ta canza wanda ba kowa ya lura da shi ba. Tsofaffin gidajen suna gabashin filin Disney ne, kusa da Lake Buena Vista, ba nisa da masallacin Islamic Center of Orlando da ke titin Ruby Lake, da gidajen abincin halal na yankin. Sabon wurin yana can yamma, kuma filin da ke tsakani ya kai kusan murabba'in kilomita 100. Bas ɗin gidan, wurin aiki yake kai mutane, ba masallaci ba. Mai son Juma'a sai ya hau Uber, ko ya samu ɗan'uwa mai mota, sannan ya nemi a daidaita masa jadawalin aiki. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi sassauci mai ma'ana saboda addini, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 ya ƙara wa wannan haƙƙi ƙarfi. Sai dai ba a bai wa wanda bai nema ba, kuma kara irin tamu takan sa yaro ya yi shiru har Juma'a goma ta wuce shi. A shekarun nan azumi yana faɗowa ne cikin Fabrairu da Maris, wato tsakiyar zangon da ke farawa a Janairu. Wanda ya zaɓi wannan zango zai yi sahur a wannan kicin, zai kuma sha ruwa a ɗakin hutun ma'aikata da dabino a aljihu.

To, me zai hana a kama haya a waje? Shirin ya yarda, kuma iyaye da yawa nan hankalinsu ke fara zuwa: a nemo wani ɗan'uwa a Orlando ko Kissimmee a damƙa masa yarinya. Niyyar mai kyau ce, lissafin ne ke da gyara. Yankin an gina shi ne domin mai mota. Bas ɗin gari na Lynx ba zai ɗauko wanda ya tashi aiki ƙarfe ɗaya na dare ya kai shi ƙofar gida ba, kuma babbar hanyar I-4 ta yi ƙaurin suna wajen cunkoso. Masu gidajen haya galibi yarjejeniyar shekara guda suke so, da tarihin biyan bashi, da mai tsaya wa mutum, abubuwan da ɗalibi mai bizar karatu ba safai yake da su ba. Sai a ƙara kuɗin inshorar mota, wanda ke da tsada a Florida musamman ga matashi, da mai, da gado, da wuta. Wanda ke da mota, da kawu na gaskiya a kusa wanda matarsa ta yarda da baƙon da zai riƙa buɗe ƙofa da tsakar dare, zai ci tuwo ya yi jam'i, kuma ya ci riba. Wanda ba shi da waɗannan, gidan kamfani ya fi masa aminci, har ma ta fuskar da iyayen ke tsoro: mai gadi a ƙofa da bas har gida sun fi tsayuwa a bakin titi cikin dare. Lokacin guguwa ma, daga Yuni zuwa Nuwamba, gara mutum yana inda ake da tsari. Guguwar Ian a Satumban 2022 da Milton a Oktoban 2024 duk sun sa an rufe wuraren shaƙatawar.

Amma gidan kamfani yana da ƙugiyarsa, kuma wajibi ne a san ta. Ɗakin a ɗaure yake da aikin. Wanda aka sallama, ko ya ajiye aiki da kansa, zai tattara kayansa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Laifin gida ma yana iya cin aikin, kamar a samu giya a hannun wanda bai kai shekaru ba. Ga ɗan ƙasa, abin ya tsaya a tikitin komawa Bronx da jin kunyar iyaye. Ga mai bizar karatu, izinin aikinsa na jingine da wannan wurin da kuma rajistarsa a makaranta, don haka dole ya kira ofishin ɗaliban waje a ranar, ba washegari ba. Yanzu da samun bizar Amurka ya ƙara wuya, har an rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan tun Yunin 2025, ba wanda zai so ya yi wasa da takardunsa saboda rigimar da ta tashi a falon da ba shi ya tara mutane ba.

Saboda haka iyali su ware kuɗin tikiti da na kwana biyu a otal tun kafin tafiya, su kuma nemi lambar wani dattijo a masallacin Orlando ta hannun limaminsu. Ɗalibin shi ma ya ɗauki hoton ɗakin ranar da ya shiga, bango da katifa da cikin murhu, domin ana zagayen duba tsabta lokaci-lokaci, kuma ranar fita duk ɓarnar da aka gani a kan mazauna gidan ake ɗora kuɗinta.