Saɓa Alkawarin Ciniki da Hanyoyin Neman Hakki a Ƙasar Baure

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba abin da shari'a ta tanadar wa wanda aka saɓa wa alkawarin ciniki, musamman a ƙasar Baure ta masarautar Daura, inda galibin cinikin hatsi da dabbobi da baki ake ƙulla shi, a gaban dillali da shaidu. Za mu kwatanta mazhabar Malikiyya, wadda alkalai ke bi, da dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila.

Cinikin Salam

A ce ɗan kasuwa ya ba manomi N300,000 da bazara, a kan buhu 10 na gero idan kaka ta yi. Wannan shi malamai ke kira salam, kuma ya halatta muddin an ambata awo da irin hatsi da lokacin bayarwa. To, kaka ta yi, buhu ya kai N45,000, manomi ya noƙe.

A wurin alkali, geron nan bashi ne a wuyan manomi, ba a ɗaure shi da wata gona ba. Saboda haka za a tilasta masa ya kawo buhu 10, ko da sai ya sayo a kasuwa. In kuwa ya tabbata ba shi da hali, sai a saurara masa. Idan suka yarda su warware cinikin, ɗan kasuwa uwar kuɗinsa kurum zai karɓa, domin Malikiyya sun hana sayar da abinci kafin a karɓe shi.

Dokar Ingila ta sayar da kaya ta 1893, a sashe na 51, ta ɗauki wata hanya dabam. Diyya take bayarwa, watau bambancin farashin alkawari da na kasuwa a ranar da ya kamata a kawo kaya. A misalinmu ɗan kasuwa zai sami N150,000 bayan kuɗinsa. Kotu ba ta cika tilasta kawo kayan da ake samu a kasuwa ba.

Aibi da Kafin Alƙalami

Wanda ya sayi sa, daga baya ya gano tsohuwar cutar da aka ɓoye masa, yana da zaɓi: ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe. Kafin alƙalami kuwa, Imamu Malik bai yarda mai kaya ya cinye shi ba idan ciniki ya fasu.

Hujja da Ɗaukaka Ƙara

Kawo shaidu yana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya, Malikiyya sun karɓi shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai ƙara. Sai dai a lura: sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da gado da waƙafi, don haka ƙarar ciniki Babbar Kotun Jiha take tafiya.

Kammalawa

Mun ga cewa hakkin da mutum zai samu ya danganta da kotun da ya je da kuma hujjar da ya riƙe. Muna ba da shawara dillalai da masu unguwanni su riƙa rubuta awo da farashi da ranar bayarwa, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni game da bashi.