Baƙo da Gudu a Ƙasar Ƙanƙara

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, babba ba ya gudu sai da dalili. Ko dai gobara ta tashi, ko sa ya tsinke igiya a kasuwa, ko kuwa abin da ya fi waɗannan muni ya tunkaro gari. Shi ya sa baƙon da ya saba fita motsa jiki da sassafe a Legas ko Inugu, aka turo shi nan bautar ƙasa ko aikin asibiti, yakan sha tambaya daga masu fitowa sallar asuba: "Lafiya dai, samari? Wa ya biyo ka?" Ba ba'a suke yi masa ba, amsa suke jira.

Ba wai mutanen nan ba su san gudu ba ne. Yara na langa a dandali, mafarauta na bin zomo da karnuka da rani, matasa na cika filin makaranta da ƙwallo bayan la'asar. Sai dai kowane gudu da wurinsa da shekarunsa. Magidanci da natsuwa aka san shi. Manomin da ya wuni yana huɗar masara kuwa bai ga abin da zai sa mai hankali ya zubar da gumi a bakin titi kyauta ba.

Sai batun sutura. Gajeren wando a filin ƙwallo ba a cewa komai, amma a ratsa unguwa da shi, cinya a waje, abin kunya ne, domin an tashi a kan cewa al'aurar namiji daga cibiya take zuwa gwiwa. Baƙuwa mace ta fi shan wuya. Wadda ta gane gari takan sa doguwar riga da mayafi, ta yi zagayenta cikin harabar makaranta.

Keke kam ɗan gida ne. Tun zamanin Raleigh da Phoenix yake ɗauke da buhun hatsi da jarkar ruwa da malamin makaranta, har babur ya zo ya rage masa daraja. Amma hawansa na da ladabi. In ka iso majalisar dattawa sai ka rage gudu, ka yi sallama. Mai cikakkiyar tarbiyya ma sauka yake yi ya tura keken, ya rusuna, ya ce "Sannunku da hutawa, Baba," sai an ce masa "Allah ya yi albarka" sannan ya hau. Haka ake yi a ƙofar fadar hakimi, haka ake yi in an ci karo da masu ɗauke da gawa. Surukinka kuwa, gaishe shi daga kan sirdi raini ne. A ganina nan ne baƙo ya fi yin tuntuɓe. Hular kwanonsa da matsattsun kayansa dariya kawai suke jawowa, yara su bi shi da ihu su gaji. Abin da ba a mantawa shi ne ya wuce mutane fuu, kunne toshe da waya, ko hannu bai ɗaga ba. Kafin magariba an yi masa suna mai girman kai.

Rashin tsaro ya ƙara wa al'adar nauyi. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ido ya ƙara buɗewa a kan baƙuwar fuska. A 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a 2023 kuma gwamnatin jiha, ƙarƙashin Gwamna Dikko Radda, ta kafa rundunar tsaron al'umma. A irin wannan hali, mutumin da ba a sani ba, yana zagaya bayan gari da duku-duku yana duba waya, ba ɗan wasa za a ɗauke shi ba, mai kai wa ɓarayin daji rahoto za a zata.

Nauyin a kan mai masauki yake. Kafin baƙonka ya ɗaura takalmi, ka kai shi wurin mai unguwa, ka nuna shi ga liman da 'yan sintiri, ka faɗa masa hanyar da ake bi da wadda ba a bi, kuma kada ya fita sai gari ya waye sarai.