Dokar Kwangila Ba Ta Ɗaure Mai Ƙorafi

Wani saƙon murya ne ke yawo a wayoyin mutanenmu, daga Roni zuwa Amaryawa da Zugai, ya bi ta Kazaure da Gwiwa, har 'yan'uwa na Babura sun turo mini shi suna neman ƙarin bayani. Mai maganar bai faɗi sunansa ba. Ya dai yi sallama da muryar wanda ya san sirrin gwamnati, ya ce majalisar dokoki a Dutse na dab da zartar da "sabuwar dokar kwangila", sannan ya jero illolinta. Wai Turawa ne suka kawo ta don a miƙa ayyukanmu ga kamfanonin waje. Wai takarar neman kwangila haramun ce. Wai dole a ba wanda ya fi kowa araha, ko da aikinsa na banza ne. Wai kuma da zarar an ba da aiki ta wannan hanya, duk talakan da ya ɗauki hoton ginin ko ya buɗe baki ya yi ƙorafi, ɗaurin shekara 5 ne babu zaɓin tara. Ya rufe da roƙon a tura wa kowa don Allah.

Bai kawo lambar ƙudirin ba, bai ambaci ɗan majalisar da ya gabatar da shi ba, balle ranar da aka karanta shi a zaure. Ƙudiri kuwa ba a ɗaki yake zama doka ba. Sai an yi masa karatu na ɗaya da na biyu, ya je kwamiti, ya dawo karatu na uku, sannan gwamna ya sa hannu. Mutumin da ya san hukuncin da ke cikin doka amma ya kasa faɗin sunanta, ban ga dalilin da zai sa a yi masa dakon magana kyauta ba.

Tsarin ma ba sabo ba ne. Tun zamanin Obasanjo aka kafa ofishin tantance farashin kwangiloli a fadar shugaban ƙasa, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta. A watan Yunin 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar tarayya ta ba da kwangila, wadda ta kafa hukumar BPP. A Jigawa ma tun mulkin Sule Lamido akwai hukumar tantance kwangiloli da sa ido kan ayyuka a Dutse, kuma tana nan har yau. Ayyukan jiha suna bin dokar jiha. Na tarayya, irin gine-ginen Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Babura da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, suna bin dokar 2007.

Maganar Turawa tana da ƙwayar gaskiya guda: daga 2018 Bankin Duniya ya riƙa ba jihohi tallafin kuɗi a ƙarƙashin shirin SFTAS idan suka gyara dokokin kwangilarsu suka riƙa wallafa waɗanda aka ba aiki. Amma dokar tarayya ta ba da damar fifita kamfanin gida a kan na waje, kuma babu kamfanin ƙetare da zai taso takanas don ya gina aji biyu a Dansure. Batun haramci kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta irin wannan takara tun shekarar 2000.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne maganar ɗaurin nan, domin na ga aikinta da idona. Wani kawuna yana cikin kwamitin kula da makarantar firamaren ƙauyensu, inda ake gina sababbin azuzuwa. Tsohon birkila ne, ya fi shekara talatin yana riƙe da cokalin gini. Ya kai ni wurin, ya ɗauki bulo ɗaya daga cikin waɗanda aka jibge, ya murza gefensa da babban yatsa, sai ga yashi yana zuba kamar gari. Ya nuna mini rodin da aka ɗaure na ginshiƙi, ya ce bai kai kaurin da ake sa wa gini irin wannan ba. Na ce, "Kawu, ai ku ne kwamiti, me ya hana ku rubuta?" Ya rage murya ya ce, "Ɗan nan, ba ka ji abin da ake faɗa a waya ba? Ni da tsufana a kai ni gidan yari a kan bulo?" Jikokinsa ne za su zauna a ƙarƙashin rufin nan idan iskar farkon damina ta taso.

Shekara 5 ɗin tana cikin doka, ba ƙirƙirarta aka yi ba, kifar da ita aka yi. Sashe na 58 na dokar 2007 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 babu zaɓin tara, amma ga wanda ya haɗa baki da wasu don a murɗe takara, ko ya ba da cin hanci, ko ya kawo takardun jabu. Jami'in gwamnatin da aka kama da irin wannan laifi, har da daddatsa babban aiki ƙanana-ƙanana don a kauce wa tantancewa, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 5 ba, kuma a kore shi daga aiki. Kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin. Bulalar da aka yanko don mai almundahana ita mai saƙon ya ɗaga wa wanda aka cuta.

Dokar ma kiran jama'a take yi su zo su gani. Ta ce a tallata aiki a jaridu, a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, a gaban 'yan kwangilar da duk wani ɗan ƙasa da ke son halarta, a karanta sunan kowane kamfani da kuɗin da ya nema kowa na ji. Ta wajabta a gayyato masu sa ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyoyin farar hula. Ta ce bayanan kwangilar da ba na sirrin tsaro ba, kowa na iya neman kwafinsu ya biya kuɗin bugawa. A nan Jigawa, hukumar da aka ɗora wa aikin sa ido ba ta da ma'aikacin da zai kwana a kowane ƙauye na ƙananan hukumomi 27. Idan mutanen gari suka kawar da kai, wa zai gaya mata kwalbatin da aka zuba jiya ya fara rufta?

Ban ga laifin Kawu ba, ban kuma ga laifin duk wanda gabansa ya faɗi ba. Mun sha jin an kama matasa a ƙasar nan saboda abin da suka rubuta a Facebook, galibi da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda sai a 2024 aka rage masa faɗi. Ɓata suna ma laifi ne a kundin hukunta laifuka na Arewa. Kuma kowa ya san mai uwa a gindin murhu na iya sa a tsare mutum kwana biyu ko da babu dokar da ta ba shi dama. Ba zan yi wa kowa alkawarin cewa mai faɗin gaskiya ba ya haɗuwa da tsangwama ba. Sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin ka kira sunan mutum ka ce ɓarawo ne ba tare da hujja ba, da ka ce ga bango ya tsage, ga hotonsa, ga ranar da aka ɗauka. Na farko na iya kai ka gaban alƙali. Na biyu haƙƙinka ne da sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare.

Batun araha shi ma an yanke masa rabi. Ba mafi ƙarancin farashi kawai ake ɗauka ba, mafi ƙarancin farashi ne cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, ma'aikata da kayan aiki. Kafin a fara takara an riga an rubuta kaurin rodi da irin kwanon rufi da yadda za a haɗa siminti da yashi, kuma a kan wannan ɗan kwangila ya sa hannu. In ya karya farashi don ya ci takara sannan ya rama a jikin bulo, yarjejeniya ya saɓa, ba doka ce ta sa shi ba. Shi ya sa ba a damƙa masa kuɗin duka tashi ɗaya. Kuɗin kafin alƙalami a ayyukan tarayya a da bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, sai dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30. Saura ana biya ne mataki-mataki bayan injiniya ya duba, kuma bisa al'ada ana riƙe wani kaso, galibi kashi 5 cikin ɗari, na wata shida ko shekara guda bayan kammalawa, don in aibi ya bayyana a tilasta masa gyara. Nan ne ɓarnar saƙon ta fi tsanani. Tun ran gini ran zane: ƙorafin da ya isa ofis kafin a saki kuɗin ƙarshe yana iya sa a rushe bango a sake. Wanda ya zo bayan shekara biyu, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Kada a ɗauka ina wanke tsarin ne. Abin da ya sa saƙon ya samu shiga shi ne mutane sun ga abin da suka gani. A ƙasar nan akan samu mutum ɗaya ya shiga takara da kamfanoni uku duk nasa. Akan ba ɗan siyasa aiki ya sayar wa wani, wannan ma ya sayar, kafin kuɗin ya iso hannun magini ya zama ƙashi babu tsoka. Akan fake da "gaggawa" a ba da aiki kai tsaye alhali babu ambaliya babu gobara. Duk wannan na faruwa, kuma duk saɓa wa dokar ne. Mai saƙon bai ce uffan a kan ko ɗaya ba. Mutanen da za su iya tona su ya zaɓa ya tsorata, kuma ko da gangan ya yi ko da ganganci, ɗan kwangilar da ke murna da shirun mutanen gari shi kaɗai ya amfana.

Wanda ya ga aiki na tafiya ba daidai ba, ya fara da allon da ake kafawa a bakin aikin, inda aka rubuta sunan kamfani da hukumar da ta ba da shi. Kada ya tafi shi kaɗai. Ya haɗa da kwamitin makaranta ko na asibiti, a sanar da mai unguwa da dagaci da kansila, a rubuta abin da ido ya gani, ba zagi ba zargi, a liƙa hotuna. Aikin jiha a kai wa hukumar tantance kwangiloli a Dutse, ko hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da rashawa ta jiha. Na mazaɓa kuwa, tun 2019 hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ke bibiyarsu, akwai kuma shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT. In ana son ganin takardar ƙididdigar kayan aikin, a nema a rubuce da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025 cewa ta shafi jihohi ma. A riƙe kwafi, a sa wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata, domin daga ranar ake fara ƙirga kwana 7 da doka ta ba hukuma ta ba da amsa.