Warin Ƙauri a Hanyar Gure: Ciwon Kuloci da Neman Kayan Tsohuwar Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwalta a Gidigir ranar kasuwa ya san motocin da ke riƙe da garin. Manyan motoci da bas-bas suna wucewa ne kawai, kan hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Damagaram, Mirya da Gidimuni ta nufi Gure da Diffa. Waɗanda ke barin kwalta su kutsa rairayi, su kwaso awaki da kanwa da dabino daga ƙauyuka, tsofaffi ne: Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, Hilux da fentinta ya koɗe, jefi-jefi kuma Peugeot 504 ko Land Rover da ta ƙi mutuwa. A Turai irinsu kayan marmari ne, a goge a ajiye, a fito da su ranar Lahadi. A nan abincin gida ne. In mota ɗaya ta kwanta, gida uku ne ba a ɗora tukunya ba: na mai ita, na direba, na yaron mota.

Cikin cututtukan da ke kwantar da su, a ganina babu mai cin kuɗi a banza kamar na kuloci, wanda makanikanmu na nan Nijar suka fi kira ambarayaj. Ba don maganinsa ya fi tsada ba, sai don sau da yawa ana sauke akwatin giya kafin a san ciwon, a kuma sayo kaya kafin a san motar.

Abin ba shi da wuyar fahimta. Tsakanin inji da akwatin giya akwai wani faifai, faɗinsa kamar na faifan rufe ƙwarya, an liƙa masa fata ta musamman gaba da baya da ƙananan ƙusoshi. Yana zaune tsakanin ƙaton ƙarfen da inji ke juyawa, wato bolan, da wani marfi mai ƙarfin dannewa da ake kira filato. Muddin ƙafarka ba ta kan feda, filato na matse faifan a jikin bolan, ƙarfin inji ya wuce zuwa taya. Da ka taka, wani ɗan boris da ake kira bute ya tura yatsun filato, ya saki faifan, ka sami damar canja giya. Saƙon ƙafar kuwa ta waya yake isa a wasu motoci, a wasu kuma ta mai, da ƙaramin famfo a sama kusa da feda da wani a ƙasa jikin akwatin giya. Land Cruiser da Land Rover da mai suke aiki.

To, ciwon iri biyu ne manya, kuma kishiyoyin juna ne: ko faifan ya ƙi kamawa, ko ya ƙi saki.

In ya ƙi kamawa, za ka ji inji na ihu a hawa amma mota na jan ƙafa, ga wari kamar an ƙona tsumma. Gwajin da tsofaffin direbobi ke yi yana nan da amfaninsa: a fili inda babu kowa gaba, ja birkin hannu, sa giya ta uku, ba da ɗan wuta, ka ɗaga ƙafa a hankali. Kuloci mai lafiya zai kashe injin nan take. In inji ya ci gaba da juyawa, faifan na zamewa. Amma kada a yi saurin cewa ya cinye. A fara taɓa fedar da hannu. Ya kamata ta yi ɗan wasa, kamar kaurin yatsa, kafin ta yi tauri. In babu wannan wasan, bute na danne da filato dare da rana, tamkar ka ɗora ƙafa ba ka ɗauke ba, kuma saitin ƴan mintoci zai iya gyara abin da ake shirin kashe wa yini guda.

In kuwa ya ƙi saki, giya ce za ta yi ta ƙara, musamman ta baya da ta ɗaya. Nan ne aka fi yin asara, domin laifin sau da yawa ba ya cikin akwatin ko kaɗan. Taka fedar sau huɗu ko biyar da sauri, sannan ka gwada. In giyar ta shiga lafiya, iska ce ta shiga layin mai, ko robar famfo ta gaji. Leƙa ƙarƙashin feda: in ka ga danshi na gangarowa, famfon sama ne ke yoyo. Ja robar da ke rufe bakin na ƙasa: in mai ya zubo, shi ne. Kuma a nan zan roƙi yaran mota arziki: man birki ake zubawa, mai lamba DOT 3 ko DOT 4, ba man inji ba, ba man giya ba. Man inji kumbura robobin yake yi, ya fitar da kai daga daji yau, ya ajiye ka a dajin jibi.

Kunne ma ma'auni ne. Ƙarar da ke tashi sai an taka feda, yawanci bute ce. Wadda ke tashi mota na tsaye ba giya, ta kuma yi shiru da an taka, daga cikin akwatin giya take, sabon faifai ba zai kashe ta ba. Motar da ke karkarwa lokacin tashi kuma, a duba robobin da inji ke zaune a kai tukuna. In lafiyarsu lau, mai yiwuwa mai ne ya jiƙa faifan daga robar bayan inji. Wanda ya sa sabon faifai bai canja wannan robar ba, ya sayi aikin sau biyu.

Me ya sa faifai ba ya daɗewa a ƙasar Gure? Rairayi da lodi. Mota ta kafe, direba ya yi rabin kuloci yana ba da wuta, fasinja na turi suna kabbara. Minti biyar na wannan ya fi tafiyar watanni kan kwalta cin fata. Rage iskar taya, sa ƙaramar giyar taimako tun kafin a shiga tudun yashi, da haƙa gaban taya da shebur sun fi arha nesa ba kusa ba.

Yanzu a ce an tabbatar, dole a sauke. Nan aiki na biyu ya fara, kuma shi ya fi wuya.

Tsohuwar mota ba ita ce abin da takardarta ta ce ba. Peugeot ta fito da 504 a 1968, masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barinta. Cikin wannan tsawon lokaci an yi mai fetur, an yi mai gas, an yi akwatin giya BA7, an yi BA10. Toyota ta rufe samfurin Land Cruiser 40 a 1984, ta buɗe 70 a shekarar, injin 1HZ da ya cika dajinmu kuma sai a 1990 ya zo. A dangin Land Cruiser kaɗai akwai faifai mai faɗin milimita 275, akwai mai 300. Ka ƙara da cewa motar da ta shekara talatin a hannun mutum biyar, da wuya a ce injinta da akwatinta su ne na haihuwa. Don haka wanda ya aika Damagaram ya ce "a sayo mini faifan Land Cruiser" bai faɗi komai ba. Kama da wane ba ta wane.

Tsohon faifan shi ne shaida. A auna faɗinsa da milimita. A ƙirga haƙoran ramin tsakiyarsa ɗaya bayan ɗaya, a dubi tsawon wuyansa. A karanta lambar da ke jikin inji da ta akwatin giya, ba ta takarda kaɗai ba. Lambar jikin mota mai baƙi 17 sai daga 1981 ta zama tsari, waɗanda suka girme ta gajeriyar lamba gare su. Kayan Toyota na asali lambarsu goma ce, biyar da biyar: faifai yana farawa da 31250, filato da 31210, bute da 31230. Biyar ɗin ƙarshe su ke bambanta mota da mota. Yau da waya ta sauƙaƙa abu, a ɗora tsohon a ƙasa, a shimfiɗa ma'auni a kansa, a ɗauki hoto a tura wa mai shago ta WhatsApp. Mafi kyau dai a naɗe shi a buhu ya tafi da ɗan aike.

Inda za a nema sananne ne: Gure, in babu Damagaram, in babu Ƙofar Ruwa a Kano, inda kayan 504 ba su yanke ba albarkacin Kaduna. Rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome, tsada ta ƙaru, jabu ya sami kasuwa. Aisin da Exedy na Japan, Valeo na Faransa, LuK da Sachs na Jamus sunaye ne na ƙwarai, amma buga kwali ba wuya. A fitar da kayan a riƙe. Faifan kirki yana da lamba a jikin ƙarfensa, ƙusoshinsa sun nutse daidai, sifirin ɗin tsakiyarsa ba sa kaɗawa in an girgiza. Na gwanjo kuma, filato na asali da yatsunsa ba su cinye ba ya fi mini sabon jabu, amma bute da faifai ban yarda da tsohonsu ba.

Akwai masu buga wa tsohon faifai sabuwar fata. Ba na raina su, sun sha fitar da mutane kunya inda babu shago. Sai dai aikin na yiwuwa ne in ƙarfen bai lanƙwashe ba kuma haƙoran ba su cinye ba. A kuma kiyayi ƙurar. Tsofaffin fatun ana yin su da wani ma'adini, asbesto, mai lalata huhu a hankali, wanda Faransa ta haramta tun 1997. Kada a busa da baki ko da famfon iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Ranar haɗawa, mai mota ya tsaya a wurin. Ya ga an zura sabon faifan a sandar akwatin giya an tabbatar yana zamewa gaba da baya kafin a ɗaura komai. Ya ga an juya shi ta fuskar da ta dace, domin yana da gaba da baya. Ya shafa bolan da hannunsa: in ya yi shuɗin tabo ko ƙananan tsaga, a kai a fere shi. Maiko kaɗan a haƙora, ko ɗigo kada ya taɓa fata. Sannan a yanki gefen kwalin da ke da lamba, a sa cikin takardun mota, tare da ranar da aka yi aikin.