Layi Biyu a Reshe, Amma ta Ina Suka Bi?

A gishen aika kuɗi da ke kewayen kasuwar Wadata a Yamai, kalma biyu kan tsayar da jama'a cak: "Babu rezo." Ga kuɗi a akwati, ga ma'aikaciya zaune, sai dai kwamfutarta ta kasa isa ga ta hedikwata.

A da, banki ko kamfani kan yi hayar layi na musamman, MPLS, tsakanin reshe da hedikwata. Ko reshen Damagaram ne, komai sai ya biyo ta Yamai kafin ya fita duniya. Ga tsada, ga jinkiri.

Tsarin da ake kira SD-WAN ya zo da wata dabara. Ana jona wa rautar reshe, wato na'urar da ke haɗa shi da intanet, layi biyu ko uku: wayar fiba ta Niger Telecom, katin 4G na Airtel, Moov Africa ko Zamani, ko Starlink da ya fara aiki a Nijar a 2025. Rautar na auna saurin kowanne ba dare ba rana. Harkar kuɗi ta tura ta a kulle zuwa hedikwata ta layin da ya fi lafiya, sauran hidimomi kuwa su fita intanet kai tsaye. Fitar nan ƙofa ce, don haka kowane reshe sai da katangar tsaronsa.

Ana tallar cewa rautar na saita kanta. Haka ne, amma sai ta fara samun intanet, ta kira kwamfutar da ke ba da umarni daga nesa, a tantance ta. Idan layin farko bai tashi ba, dole injiniya ya hau mota.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba: Nijar ba ta da teku. Intanet ɗinmu na shigowa ne ta wayoyin maƙwabta, irin su Binin da Najeriya. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace, kuma girgizar ta iso har nan. Katin kamfanoni biyu da suka haɗu a waya guda daidai suke da motoci biyu a kan gada ɗaya. Shi ya sa, a ganina, kafin manaja ya sa hannu, ya nemi kowane kamfani ya nuna masa ta inda wayarsa ta ƙetare iyaka, ya kuma tanadi batir ko sola, tunda rautar ba ta aiki idan wuta ta ɗauke.